Jan Ƙasar Agadas a Jakata

Daren Laraba, Bagwai

Ni, Mai Girma Sarkin Matafiya, yau na sauko daga Nijar. To, a saman motar albasa na tafi, da jaka a baya da ƙuli-ƙuli, kwana a tasha. Amma na ga hasumiyar masallacin Agadas! Tsantsar ƙasa ce, tun kakannin kakanni, tana nan tsaye ƙyam. Har ƙoli na hau da rarrafe, jemagu na marina.

Na roƙi Baba kada ya rushe zauren kakanmu ya sa bulo, tunda na ga ginin ƙasa da ya girmi zauren. Ya ce, "Kai da ka rantse ka ga kura a rumbu?" Kowa a gidan ya kwashe da dariya. Wallahi raina ya ɓaci.

Sai ya hango jan ƙasar da jakata ta gogo a bangon hasumiyar. Da yake tsohon magini ne, ya murza, ya shinshina, sannan ya ce:

"Wanda ya kwaɓa wannan ya san aiki. A bar zauren, gobe mu yaɓe shi."

Ba wani sarki fa. Ni ne Sale, kuma ni aka ce zan taka lakar.