Na Fasa Masa Baki Kan Sirrin Mata Goma Sha Ɗaya

Gunvor, mai ba mu shawara a wannan shafi, ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ina karatun digiri na uku a nan arewacin Sweden, bincikena kan matan da suka gudo daga dukan mazajensu ne. Su goma sha ɗaya suka faɗa min komai, har unguwar da suke ɓoye, don na rantse musu maganar ba za ta fita daga jami'a ba. Muna da manhajar ƙirƙirarriyar basira da jami'a ta amince da ita, ba ta fitar da bayanai waje, sai dai nawar tsiya gare ta.

Jiya, wajen shan kofi da ƙarfe uku na rana, Torbjörn abokin aikina ya ce wai ya rage min wahala. Ashe hirarrakin da na yi da matan ya kwashe, ko suna bai goge ba, ya zuba a wata manhajar kyauta ta wani kamfanin waje, ta taƙaita masa. Yana faɗa yana taunar burodin kirfa, sakarai! Ban san sanda kofin ya bar hannuna ba. A baki ya same shi, haƙori ya fita, jini har kan tebur. Na shaƙe shi har hannuna ya kumbura, sai da mutum biyu suka ɓamɓare ni. Wallahi har yanzu ban huce ba. Ga shi ya aiko cewa in na kai ƙararsa zai kai tawa, a kore mu tare. In yi shiru?

Mai kumburarren hannu

Ƙanwata,

Fushinki yana kan gaskiya, hannunki ne ya yi ɓarna. Torbjörn wauta ya yi, ba mugunta ba, amma irin wautar da kan ci rai. Ke kuma kin fi kowa sanin inda duka ke kai mutum, don haka ba zan wanke ki ba.

Kada ki karɓi tayinsa. Yau ɗin nan ki je wurin jami'in kare bayanai na jami'arku, ki ba shi sunan manhajar, a nemi kamfanin ya goge komai. Sannan ki faɗi laifinki da bakinki, ki ba Torbjörn haƙuri kan haƙorinsa kaɗai. Wataƙila a dakatar da ke, ba zan ɓoye miki ba.

Amma kafin duk wannan, ki kira gidan da ya ba matan mafaka, ki sanar da su sirrin ya fita. Digiri yana iya jira shekara guda. Matar da mijinta ke neman ƙofarta ba ta da wannan lokacin.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Gunvor