'Yar Kaki Tana Kuka a Tagata

Anti mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat. Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata mai ɗinki ce ke rubutawa, in ta koma kan keke sai mijinta ya karɓa, to in kin ga zancen ya karkace ki yi haƙuri.

Da autata za ta tafi aikin jinya can nesa, ta bar min wata shuka a tukunya a bakin taga. Wai sunanta hoya. Ni dai 'Yar Kaki nake ce mata, don ganyenta kauri gare shi da sheƙi kamar an shafa kakin zuma. Ta ce in na ga shukar lafiya, ita ma lafiyarta ƙalau. Wasa take, na sani, amma maganar ta zauna min a rai.

Shekara da shekaru tana ta nannaɗe ƙarfen taga, ba fure. Bana sai ga shi dunƙule-dunƙule, 'yan taurari farare masu ja a tsakiya. Da yamma ƙamshi ya cika ɗakin, in na yi gyangyaɗi sai in ga reshenta ya fita ta taga, ya bi wayar lantarki, yana ta tafiya a hankali har bakin gadon autata.

To Anti, furen nan kuka yake. Kowane tauraro da ɗigon hawayensa, har yana ɗiga kan dardumata. Autata kuwa cikinta ya tsufa. Tana kira ina tura wayar ƙarƙashin filo, kar in ji abin da ba zan iya ɗauka ba. Mijin mai ɗinki ya ce in datse furen in huta. Matarsa ta ce kar in biye wa mutumin da ko barkono bai taɓa rayawa ba. Almakashinta na nan kan cinyata. In yanke?

Inna mai taga

Inna, mayar wa mai ɗinki almakashinta. Ba hawaye ba ne, ruwan zaƙi ne da furen ke fitarwa don ya jawo ƙwari. Taɓa ki ji, danƙo gare shi kamar zuma. Hoya ba ta fure sai ta ji daɗin wuri, kin ga kenan kin iya riƙo.

Maƙwabcinki so yake hankalinki ya kwanta, ban ga laifinsa ba. Amma ko furen ya zube kar ki datse ɗan karan da ya ɗauke shi, a kansa na baɗi zai fito. Kar ki sauya mata wuri yanzu, ruwa kuma sai ƙasar ta bushe. Ki ɗan janye dardumar, ki aje faranti.

Tsoron uwa ba abin dariya ba ne. Sai dai shuka ba ta san labarin autarki ba, wayar da ke ƙarƙashin filo ce ta sani. Mai tsohon ciki na can tana neman muryar uwarta, shirunki kuma shi ke tayar mata da hankali. Ki kira ta yau, ki ce mata 'Yar Kaki ta yi fure.

Allah ya sauke ta lafiya, ya nuna miki jikanki a bakin tagar nan.