Hanyar Giwaye Ba Ta Cikin Gado

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, tsohon malamin daji, kuma da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma kaina lafiya lau. Kada wani ya ce daga baya ciwo ne ya yi magana.

Na kasa zama wuri ɗaya. Yau sau huɗu ina jan kujera zuwa baranda ina duban sama. Damina ta yi lattin kwana goma sha tara. Iskar teku da ke kawo mana ruwan wata huɗu a jere ba ta juyo ba, gora ta fara zubar da ganye, tafkunan kan tudu sun koma taɓo. Shekara talatin da huɗu na yi a gandun daji, na san abin da ke biyo baya: giwaye za su sauko neman kogi.

Na ɗaya. Gida da gonar shinkafa a raba muku yadda addini ya tsara. Ba ni da ta cewa a nan.

Na biyu. Malama, ke ce za ki riƙe ma'aunin ruwan sama da littattafansa. Tun kina ƙarama kike yi mini dariya wai ina gaida kwalba kowace safiya kafin in gaida mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta. To, kwalbar ta dawo hannunki. Ki nuna wa ɗalibanki yadda ruwan ya koma zuwa a makare, ya zubo a fusace, ya ɗauke da wuri. Auta, naka ne gwangwanayen iri da ke ƙarƙashin gadona. Irin itatuwan kurminmu ne na asali. Kada ka dasa itacen turare ko kyauta aka ba ka. Mu muka sare kurmi muka jera turaren layi-layi saboda yana saurin girma, ya shanye mana ƙorama biyu, ko tsuntsu ba ya son sauka a kansa.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Zirin filin nan da ya taso daga gindin tudu ya bi ta cikin gora zuwa kogi, na cire shi daga gado. Bai kai sulusin abin da na mallaka ba, na tambayi masana. Ba a noma shi, ba a sayar da shi, ba a kewaye shi. Injiniya, babban ɗana, da kai nake. Na ga turakun siminti da naɗin waya da ka sa aka sauke a bayan gida, ka ce wa ƙannenka na gyaran kewaye ne. Wane irin kewaye ne yake cin turaku tamanin? Na san ayaba kake son dasawa, kuma na san kana da iyali, ban ga laifinka ba. Amma giwa ba ta komawa don ta tarar da waya. Kaucewa take yi, ta bi ta kan wanda ke kusa.

Na huɗu. Ba a littafi na karanta wannan ba. Kun taso kun ga baffanku yana jan ƙafa, ba ya shiga gidan nan. An gaya muku giwaye sun bi ta gidansa wata shekara da yamma, bango ya faɗo masa, ya nemi a harbe su na ƙi sa hannu, shi ne ya yi fushi. Haka ne, amma da saura. Kwana shida kafin nan na ja waya can cikin gora, inda ba mai gani, don in kare dashe ɗari huɗu da na raina da hannuna. Mu malaman daji haka muke, idan muka ga ɗan tsiro sai mu mance da komai. Ni da nake koya wa mutane kada su tare hanyar dabba, ni na tare ta. Washegarin faɗowar bangon na kwance wayar na ɓoye, na rubuta a rahoto cewa giwaye sun sauya hanya ba dalili. Shekara ashirin da biyu ƙanina yana tsine wa dabbobin da ba su da laifi, ni kuma ina jin sa ina shiru. Ina jin kunya, ina kuma jin tsoro. Ya cancanci ya ƙi ni, sai dai ba don abin da yake zato ba.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ji maganarku fiye da yadda na ji tawa. Ku riƙe juna, ku riƙe 'ya'yan baffanku, kada fili ya shiga tsakaninku yadda ya shiga tsakaninmu.

Da na yi niyyar a buɗe takardar nan bayan an rufe ni. Na fasa. Ku ukun ku tafi gidan baffanku yau, Malama ta karanta masa na huɗu, kada ta tsallake ko kalma ɗaya. Idan ya ce in zo, ku ɗauke ni a kujera ku kai ni. Idan ya ce ba ya son ganina, ku dawo ku faɗa mini yadda ya faɗa, ina nan a baranda.