Gurbinki a Bakin Ƙofa

Ridina, Injamena
Ƙarshen Zulƙida, 2002

Zuwa ga Na'ima, habibti, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, iskar kogin Shari da ke tasowa bayan la'asar,

Amincin Allah ya lulluɓe ki a duk inda wannan takarda ta same ki a Jidda. Ina Goggo Hansai da ciwon ƙafarta? Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata Lukumanu mai zanen gidaje yana nan da rai, amma fa ran ne kawai. Damina biyu ke nan tun da kika raka ta sauke farali, kika ce mini kwana biyu za ku yi wurin dangi ku juyo. Kwana biyu, Na'ima! Ni za ki gaya wa kwana biyu? Kakannina da naki ma da ƙafa suka taso za su Makka, suka yada zango a bakin kogin nan don su huta kwana biyu, ga shi jikokinsu har Larabcin Chadi ya fi zama a bakinsu. Jininmu na masu zama ne a inda suka ce wucewa za su yi, shi ya sa nake tsoro.

Kin san aikina. Maigidana ya zana fuskar gini da layi, ni kuma in bi ta da launin ruwa: in ba bango ja-ja na ƙasa, in sa wa taga shuɗi, in jefa inuwar baranda, don mai kuɗin ya ga gidansa tun ba a haƙa tushe ba, ransa ya biya. A bakin kowace ƙofa dole a tsayar da ɗan mutum, domin da tsayinsa ake gane girman ginin. Kuma a launin ruwa ba a shafa fari, barinsa ake yi. Sai ka kewaye wurin da burushi a hankali, ka bar takarda tsirara, don in launi ya taɓa ta sau ɗaya, shi ke nan, farin ba ya dawowa.

Kin tuna yadda nake barin gurbin ɗan mutumin nan fari har sai kin wuce ta gaban tagar ofis za ki rumfar yayanki Ilyasu a kasuwar Grand Marché? In leƙa in ga lafayar da kika yafa ranar, in kwaɓa launinta. Ranar da kika gane, kika shigo da ƙafarki, kika duba zanen da ke kan tebur, kika ga kanki cikin ruwan goro a ƙofar gidan wani attajiri. Dariyar da kika yi har yau tana cikin ɗakin nan. Kika ce na cika ki da gidaje a takarda alhali ko kaza ba ni da ita, kika kuma ce na rage miki tsawo. Wallahi ban rage ba, ƙofar ce ta yi girma!

To tun da kika tafi, wa zan leƙa? Mata na wucewa, kore, ja, ruwan ƙwai, amma hannuna ya ƙi. Makon jiya wani ɗan kasuwa da zai gina bene a unguwar Paris-Congo ya zo ganin zanensa. Na yi masa sama mai taushi kamar ta farkon damina, na dasa masa dogon yaro biyu, komai ya yi. Sai ya kai ido bakin ƙofa, ya ga farar siffar mace ba fuska, ga inuwarta kwance a ƙasa. Mutumin nan ya ja da baya yana a'uziyya, wai shi ba zai zuba siminti a gidan da fatalwa ta riga shi shiga ba. Maigidana ya harare ni, ya ce in cike wurin kafin azahar ko in nemi wani teburin. Na ɗauki burushi na mayar da ke tukunyar fure, Na'ima. Aka yaba, aka sa hannu, ni kuwa na fita bayan ofis na yi kuka kamar wanda ya dawo daga maƙabarta.

Kaɗaici ya cinye ni, ba zan ɓoye miki ba. Ina wuni ina buɗe wa mutane tagogin da ba wanda zai leƙo ni ta cikinsu. Ina haɗa shayi a kofi biyu, in shanye nawa, ɗayan ya huce har in wanke burushi a ciki. Ya ke kurciyar zuciyata, wace irin ƙasa ce wannan da ta riƙe ki haka? Tekunsu ya fi Shari daɗin kallo ne? Ko akwai wanda ya fi ni sanin yadda kike karkata kai in za ki yi tsiya?

Ilyasu ya gaya mini an samo miki takardar zama da aikin ɗinki, kuma bayan hajjin bana za ki yanke: ko ki biyo alhazai gida, ko ki zauna. Ba zan ce miki can babu alheri ba, ƙasar Manzo ce. Roƙo kawai nake yi, na mai son ki tun ba ki san yana yi ba: ki biyo su.

A cikin wannan ambulan akwai wani zane. Ba na attajiri ba ne. Ɗaki biyu ne da zaure, a ɗan filin da Baba ya bar mini, kuma an riga an fara buga tubali. Na auna ƙofar daidai tsayinki, don kada ki sake cewa na rage ki. Za ki ga inuwa a ƙasa, za ki ga gurbi fari a samanta. Wannan babu maigidan da zai sa ni in cike shi, ko da takardar za ta tsufa ta koma ruwan ƙasa a hannuna.

Kada ki rubuto mini launin lafayar da kike yafawa yanzu. Ba na son ji. Ki zo ki wuce ta gaban tagata in gani da idona.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a yafa mini nawa farin,
Lukumanu