Ruwan Ɗacin da Inna Ta Ƙi Sha

Ƙurban, Madina
Farkon Rajab

Zuwa ga Yaya Fatsuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigida da yara da sauran mutanen Fagge. Mu ma nan lafiya lau. Rubutowa na yi saboda duk sanda na kira ki Inna tana gefe ta kasa kunne, ba na iya faɗa miki komai.

Likita ya duba gwiwarta. Ya ce aikin tiyatar ba mai wuya ba ne, amma ba zai taɓa ta ba sai jininta ya ƙaru, ta ɗan murmure. Tun zazzaɓin da ta yi a gida abinci ya fita ranta. Na yi tuwo da miyar kuka, na sayo mandi, shinkafar Larabawa da nama, na dama fura, loma biyu ta ture kwano, wai komai salam yake a bakinta. Ga shi bizarta ta ziyara za ta ƙare bayan ƙaramar Salla. In ba a yi aikin kafin nan ba, da sandarta za ta komo muku.

Ina da abokiyar aiki a saidaliyyar asibiti, inda muke ba da magani, sunanta Hidaya. Baturiyar Italiya ce da ta musulunta, tana auren wani Basudane. Da na yi mata kukan halin Inna, sai ta ce a ƙasarsu da ɗaci ake tada sha'awar abinci, da shi kuma ake kwantar da ciki. Suna da wani abin sha, amaro, wato mai ɗaci. Ta ce asalinsa magani ne, masu zaman ibada a coci da masu haɗa magunguna irinmu suka fara jiƙa saiwoyi da ganyaye da ɓawon lemo. Daga baya aka zuba sukari, aka sa a kwalba, kusan kowane yanki ya fito da nasa yana alfahari da shi. Wasu a ɗan ƙaramin kofi suke kurɓa bayan cin abinci, wasu da ƙanƙara da yankin lemo, tsofaffi har cikin gahawa suke ɗigawa. Yanzu wai samarin Amurka ma sun ɗauke shi abin yayi. Mahaifinta da kansa yake haɗa na gidansu.

Ba ta ɓoye mini ba, a cikin giya suke jiƙawa, shi ya sa ta bar shi tun da ta yi shahada. Amma ɗacin na itatuwa ne, da ruwa zalla ma ana iya dafawa. Na nuna wa likitan Inna kayan da za mu sa, ya ce ba za su yi karo da magungunanta ba, in dai ɗan kaɗan ne. Za mu gwada. Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Sa'adiya

Ƙurban, Madina
Ƙarshen Rajab

Zuwa ga Yaya Fatsuma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya gida, ya jikin Ahmad da kika ce yana tari? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, abin nan ya so ya watse mini. Na dafa, na tace, na kawo wa Inna a ɗan finjali kafin abincin rana. Har ta kai baki sai ga Mimi ta dawo daga makaranta. Kin san 'yar tawa, Hausa take ji amma da Larabci take amsawa. Ashe ta ji hirarmu da babanta. Ta tambaya ko wannan ne abin Italiya da ake yi da hamru. Inna ba ta jin Larabcin kasuwa, amma wannan kalmar ta san ta a Alƙur'ani. Ta dire finjalin, ta ce a garin Manzon Allah, da tsufanta, zan ɗura mata giya? Na rantse, Baban Mimi ya rantse, ta ce gara ta koma gida da rarrafe. Ranar ko ruwa na miƙa mata sai ta sansana.

Na faɗa wa Hidaya ina kunya, na zaci za ta ji haushi. Sai ta ce Inna ta yi daidai, ita ma da haka ta fara da ta musulunta, har ruwan khal na girki take karanta bayan kwalbarsa. Ran Juma'a da la'asar ta zo gidan da ledarta. Ba ta kawo komai a haɗe ba. Ta durƙusa ta gaida Inna da 'yar Hausar da na koya mata, ta baje kayan a faranti kamar yadda ta sayo su a shagon mai kayan ƙamshi, ta ce Hajiya ta duba da hannunta.

Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta fara ɗauka ɗaya-ɗaya. Ɓawon lemo, kirfa, kanumfari, na'a-na'ar Madina. Ta murza wani busasshen ganye ta kai hanci, sai ta ce, "Yo wannan ai tazargade ne! Shi ne abin Turawan?" Ta sa aka kai mata kujera kicin, ta ce a gabanta za a ɗebo ruwan a famfo. Tun Hidaya na dafawa har Inna ta karɓe ludayin. Ta ce an cika wuta, ta ce ina citta, ta hana a sa sukari, ta sa na ɗauko ruwan dabinon da muka sayo a Badar. Ina tsakiya ina tafinta, gumi na keto mini.

Da ya huce ta yi bisimilla ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce da sauransa, na Kaka ya fi wannan ɗaci. Hidaya ta sha nata, idonta ya kawo ruwa. Da aka yi magariba Inna ta ci rabin farantin shinkafa, tana ci tana faɗan miyar ba gishiri.

Sharaɗinta ɗaya, ba a kwana da shi. Kullum sabo, kada ya yi tsami.

Ki gaida kowa.

Taki,
Sa'adiya

Ƙurban, Madina
Tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Yaya Fatsuma,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuna ta shirin azumi. Saƙon ɓawon maɗacin da Inna ta ce a aiko ya iso ta hannun Alhaji Sanusi da ya zo Umra. Mun gode. Ta ce ki gaida mai maganin kasuwar Kurmi, amma ya cuce ta da tsohon ɓawo.

Albishirinki. An sake gwada jininta, likita ya ce ya gamsu, an yi aikin ranar Talatar da ta wuce. Yanzu tana takawa daga ɗaki zuwa falo da ƙarfen dogarawa. Ni da na karanci magani na san ba ɗacin kaɗai ba ne, akwai ƙwayoyin ƙarin jini, akwai kuma samun abin yi da ta yi. Ban faɗa mata haka ba. Matan unguwa 'yan Nijar da 'yan Sudan har sun fara turo kofuna.

Akwai abin da ban sani ba sai bayan aikin. Tun da Hidaya ta musulunta mahaifinta ya daina ɗaukar wayarta. Inna ce ta tambaye ta labarin iyayenta, da ta ji, ta ce ta kira shi ta ce wata tsohuwa tana tambaya, ɓawon lemo ɗanye yake sawa ko busasshe. Hidaya ta ce ba zai amsa ba. Inna ta ce ta aika masa da saƙon murya, mai sana'a ba ya iya jin ana ɓata sana'arsa ya yi shiru.

Ya kira, Yaya. A falonmu Hidaya ta ɗauka. Ba mu fahimci ko kalma ɗaya ba, sai dai muna jiyo tsohon yana ta faɗa kamar zai fito daga wayar, ita kuma tana dariya tana share hawaye. Wai cewa yake wane mahaukaci ne yake tafasa ɓawon lemo, a ƙarshe ake jefa shi bayan an sauke. Bai yi maganar addini ba, ita ma ba ta yi ba. Kafin ya ajiye ya tambayi sunayen jikokinsa.

Inna ta gwada yadda ya ce. Ta yarda nasa ya fi ƙamshi, amma ta ce a faɗa masa bai san maɗaci ba tukuna. Hidaya ta ɗauki rabin ɓawon maɗacin da kika aiko, za ta tura masa.

Allah Ya kai mu Ramadan lafiya. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sa'adiya Rabo