Baba Ya Ce In Busa Masa Waƙar Mama

Inna Fumie, ki cece ni, kunya na shirin kashe ni a gaban dangi.

Ni mabushiyar obo ce, algaitar nan ta Turawa. Tun da na gama makaranta na rantse ba zan ci abinci da kiɗan matattu ba, sai sabon kiɗan da masu tsara shi ke raye. Na kuwa cika alkawari. Na yi busa a Tokyo, na yi a Jamus. Na taɓa yi da gindin algaitar cikin bokitin ruwa, masana suka yi ta tafi. Ina son aikina har raina, ko da yake rabin masu zuwa kallo masu tsara kiɗa ne, sauran kuma ɗalibansu da aka tilasta.

Mahaifina, Shigeharu, gidan wankan unguwa ya riƙe a Osaka har tsufa ya zaunar da shi. Sau ɗaya ya zo kallona. Ana cikin tafi ya tambayi na kusa da shi yaushe za a fara, wai shi a zatonsa gyaran algaitar nake yi.

Wata mai zuwa zai cika shekara tamanin da takwas. Yaya Tomonori ya kama ɗaki a gidan abinci, gwaggonni za su zo daga Wakayama. Baba ya ce ba ya son kyautar kowa. Waƙar masuntan ƙauyensu, wadda marigayiya Mama ke rerawa in tana goge daɓen wanka, ita yake so in busa masa.

Na ce ai wannan wasan yara ne. Na shiga ɗaki na gwada, sai ga leɓena na rawa. A kiɗana in na kuskure ba mai ganewa, wani lokacin har wanda ya tsara shi. Nan kuwa kowace tsohuwa ta san inda murya ke hawa. Kuma ina kaiwa baiti na biyu sai muryar Mama ta faɗo mini, numfashi ya ƙwace.

Malam Kuwabara, wanda ke tsara mini kiɗa, ya ce zai warware waƙar ya mai da ita ta zamani, yadda ko Mama ba za ta shaida ta ba. Yaya kuma ya ce in kukan agwagwa zan kawo, zai kunna na'urar karaoke, mai sa kiɗa mutane su bi da waƙa, a kaina. In karɓi tayin Malam?

Taki,
Mai Leɓe Na Rawa, Osaka

*

'Yata Mai Leɓe,

Ban raina bokitinki ba. Wadda ta ƙi hanyar da kowa ya bi, ta kuma rayu da hakan, ba raguwa ba ce. Shi ma Malam Kuwabara da kyakkyawar niyya ya yi tayin, sai dai ba shi ne ke cika tamanin da takwas ba. Ki gode masa, ya ajiye dabararsa sai ranar bikinsa.

Ba algaitar ce ta gagare ki ba. Kin saba tsayawa gaban baƙi, yanzu kuma waɗanda suka san ki tun kina majina ne za su zuba miki ido. Rawar leɓen nan kewa ce, kewa kuma ba a gyara ta da atisaye.

Kada ki jira ranar taro. Ki je gidan Baba da rana, ku biyu, ki ce ya rera miki ki bi shi. Ki yi kukanki a can ki gama. Ran bikin kuma ki bari sai kwalbar sake, giyar shinkafar nan, ta zagaya sau biyu. Na san gwaggonnin Wakayama: kina fara busa za su kama waƙar, kowacce da nata sautin, ko jirgin ƙasa ba za a ji ba, balle kuskurenki.

In numfashi ya ƙwace a baiti na biyu, ki sauke algaitar. Tsohon zai ƙarasa.

Allah Ya ƙara masa lafiya, ke kuma Ya ba ki iska.

Inna Fumie