Ina Zargin Ƙanin Matata Ya Musanya Min Kati

Malam, a taimaka min da shawara kafin bakina ya jawo min abin kunya.

Na daɗe ina aiki nesa da gida, ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Gwiwa ta gaji, kuma mutane sun sha cuta ta har na daina mamaki. Amma alhamdulillahi, ina da ɗaki mai taga, ina cin abin da nake so, iyali lafiya. Nishaɗina ɗaya ne, in na dawo in yi wanka in zauna tseren mota a kwamfuta.

Da ƙanin matata muke zaune tare, shi ya haɗa min kwamfutar, ya sa mata katin hoto mai ƙarfi, wato na'urar da ke sarrafa hoton wasa. Da farko mota kamar a kan man shanu. Sai mai gida ya aiko masu fenti, na kwashe komai zuwa baranda, da suka gama na mayar da wayoyina da kaina. Tun daga nan hoto ke dingishi, kafin in sha kwana na daki bango. Ma'aunin aiki da ke cikin kwamfutar yana nuna katin ko kashi goma cikin ɗari ba ya aiki, fankarsa ma ba ta juyawa. Shi kuwa tasa kwamfutar sai gudu take, har yana tsokana ta wai tsufa ne ya kama hannuna.

Zuciyata na ce min ya musanya katin da tsohon nasa a ranar fentin. Tsakani da Allah, ko allura ban taɓa kama shi da ita ba. Amma in na furta, kafin magariba yayarsa ta ji, kuma maganar ba za ta goge ba. In tambaye shi ko in haɗiye?

Gajiyayye

Malam Gajiyayye, kada ka tambaye shi, kada kuma ka haɗiye. Ka leƙa bayan kwamfutar.

Ban ga laifinka ba, wanda aka sha cuta dole ya riƙa waiwaye. Amma ma'auninka ya kusa wanke surukinka. Da rarraunan kati aka sa maka, da ka gan shi a kashi ɗari yana haki. Katin da ke zaune fanka a tsaye, aiki ne ba a ba shi ba.

A bayan akwatin kwamfutar akwai ramuka kashi biyu da wayar allo ke shiga daidai. Na sama, kusa da inda kake sa wayar linzamin kwamfuta, na uwar kwamfutar ne. Na ƙasa, waɗanda ke kwance a jere, su ne na katin. Ina kyautata zaton a na sama ka soka. Kashe kwamfutar, mayar da wayar ƙasa, ka kunna. In bai gyaru ba, cire ta daga tsarin tsimin wuta, ka sabunta manhajar katin. Sunan katin ma kwamfutar za ta nuna maka, sai ka gwada da na jikin kwalinsa, ba tare da kowa ya sani ba.

In duk ya faskara, kira shi ka ce ya duba maka. Zai yi maka dariya har ya faɗa wa yayarsa, wannan kuwa labari ne da za ka so ya isa gida.

Allah ya huce gajiya, ya bar ku tare.